Wayoyi Biyar na Motar Ɗantala

A Rano, in wayar motarka ta ƙone, mutum ɗaya ake nuna maka, Ishiyaku Rewaya. Wato a da ke nan. A shekarar da wannan abu ya faru, shekarar zaɓen dubu biyu da goma sha ɗaya, ba a cika nuna shi ba sai in motarka tsohuwa ce mai kafireto. Yana zama a gindin wata darbejiya a bakin hanyar Kibiya, daga shi sai akwatin kayan aikinsa da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda tana aure a Madachi. Da rana a kawo masa tuwo, ya ci shi kaɗai, ya watsa wa kajin mutane saura.

Da can ba haka yake cin abinci ba. Shekara ashirin da takwas kwano ɗaya suke sa hannu shi da Ɗantala bakanike, a wata rumfar kwano da ke tsallaken titi. Ɗantala ya kwance inji ya ɗaure, Ishiyaku ya ba shi wuta. Har mutane ba sa kiran sunan ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Akwai abin da ke tsakaninsu wanda duk Rano ba wanda ya sani. Ishiyaku ba ya rarrabe ja da kore, haka Allah ya halicce shi. In wayar ruwan ƙasa ce ma ta shiga tsakani, to duk su ukun ɗaya suke a idonsa. Mai aikin waya da ba ya ganin launin waya kuwa, in maganar ta fita, ai sai dai ya koma gona. Tun suna samari Ɗantala ya gano, ranar da ya ce a miƙo masa jar waya aka miƙo masa koriya. Washegari da Ishiyaku ya buɗe bonet, sai ya tarar da zaren buhu ɗaure a jikin wayoyin: wannan ƙulli ɗaya, abokiyarta ma ƙulli ɗaya, waccan biyu, abokiyarta biyu. Haka suka ci gaba duk tsawon shekarun nan. Ishiyaku bai taɓa cewa na gode ba, shi ma Ɗantala bai taɓa cewa ga abin da na yi maka ba.

Sai zamani ya kawo motoci masu ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati a ƙarƙashin gaban mota da shi ke ba inji umarni. Ishiyaku kuwa hanyarsa biyu ce tun ta ubangidansa. In yana neman waya mai wuta, ya goga ta a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi. In abu ya yi masa gardama, ya ja masa wuta dairek, wato kai tsaye daga makulli, ya huta. Tsofaffin motoci sun haƙura da wannan, sababbin ba su da wannan haƙurin. Wata rana Ɗantala ya tafi Kano sayen kaya, wani malamin makaranta ya kawo motarsa yana sauri. Ishiyaku bai jira zare ba, ya goga waya, ƙwaƙwalwar ta ƙone ƙurmus. Da Ɗantala ya dawo ya tarar da taro a rumfa, ransa ya ɓaci, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Me ya hana ka jira ni? Kai da ba ka ganin..."

Nan ya haɗiye sauran. Mutane suka ɗauka tsufa yake nufi, aka yi dariya aka watse. Amma Ishiyaku ya san inda maganar ta dosa, magana kuwa zarar bunu ce. A ranar ya ɗauki akwatinsa ya tsallaka titi. Don kada a ce suna gaba, tunda malamai sun ce ba ta halatta ta wuce kwana uku, sukan yi wa juna sallama da safe, a amsa, kowa ya kama gabansa. Shekara biyu suna haka, manyan mutane masu furfura, titi ɗaya ne tsakaninsu. Da Ɗantala ya kwanta ciwo, kullum Ishiyaku sai ya ce gobe zai je. Ran nan da hantsi aka zo aka ce masa a fito jana'iza.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar wata Litinin, Alu ƙanen marigayin ya tsaya da babur ɗinsa a gindin darbejiyar. Alu ɗan kasuwar hatsi ne, mutum ne da ba ya son abin da ke cin wuri ba ya aiki. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Ishiyaku, saƙon Yaya Hansatu na kawo. Ranar Alhamis take fita takaba, Jumma'a za ta koma gidansu a Nariya. Ta ce a motar mijinta take son a kai ta."

"Motar tana tashi ne?"

"Da tana tashi ai da ban zo ba. Ka san kan injin ya tsage, marigayi ya je Kano ya sayo wani ɗan Beljiyam ya ɗora, aikinsa na ƙarshe ke nan. Haɗin waya ya rage. Ni na ce a kawo wani daga birni, ta ce kai take so. To ga gaskiyar magana: in ta tashi, an yarda ta shiga rabon Lubabatu 'yarsa, mijinta ya riƙa ja. In ba ta tashi ba zuwa Jumma'a, 'yan gwangwan za su zo su yanka ta. Ba zan bar ƙarfe yana ruɓewa a ƙofar gida ba."

Ishiyaku ya san motar kamar tafin hannunsa. Tsohuwa ce, ruwan toka, da ita suka yi shekara goma suna zuwa ceto motocin da suka mutu a hanyar Kahu da Nariya, Ɗantala na tuƙi, shi yana gefe da akwati a cinya. Jin an ce za a sa mata gatari ya sa abincin ranar bai shiga ba.

Da la'asar ya tafi. Motar na fake a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a ƙofar gidan, ruwan damina ya zana mata layin laka, kaji sun mai da ƙarƙashinta ɗaki. Daga bayan ƙyauren zaure muryar Hansatu ta fito, ba ta leƙo ba, suka gaisa ya yi mata ta'aziyya karo na biyu. Ya ɗaga bonet. Aikin Ɗantala ne, ko a mafarki ya gani zai gane: kowane noti a ɗaure daidai, ko ɗigon mai babu. Amma kan injin ba irin na da ba ne. Irin wanda bakanikai ke kira bibiti ne. A gefensa akwai wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa, solonoyid, wanda ke buɗe wa baƙin mai hanya. In mota na tafiya a hankali ya rufe, in an taka ta ƙwaƙwalwa ta ce masa buɗe, sai lokacin buɗewar bawul ya sauya, injin ya ƙara numfashi. A bayansa kuma ga sensa, mai gaya wa ƙwaƙwalwa inda injin yake a juyinsa. Solonoyid waya biyu, sensa waya uku.

Ɗantala ya sayo kan ne tare da ƙwaƙwalwarsa, daga mota ɗaya aka yanko su a can ƙasar waje, aka datse wayoyin a tsakiya. Sauran soket duk sun shiga wurinsu, waɗannan biyar ɗin ne kawai suka rage. Aikin bai wuce a haɗa kowace da mai launinta ba. Ga su nan duka, na wajen inji da na wajen ƙwaƙwalwa, an tattara bakunansu wuri ɗaya, an naɗe da leda, an ɗaure tamau da robar tsohon tif saboda ruwa. Ishiyaku ya daɗe yana kallon ƙunshin nan. Ya san abin da ke ciki, launuka ne, kuma mai gaya masa su yana kwance a maƙabarta. In ya kuskure ɗaya daga cikin ukun sensa, ƙwaƙwalwa ta biyu ke nan zai ƙona, wannan karon ta Ɗantala ce da kansa. Bai taɓa ƙunshin ba, ya rufe bonet ya ce sai gobe.

Ranar Talata ya zo da dabara, in dai za a kira ta dabara. Sabo turken wawa. Ya zare soket ɗin solonoyid, ya ja masa wuta dairek daga makulli, yana gaya wa kansa wai in wannan ya buɗe wataƙila sauran su bi. Ya kawo batir mai caji, ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa, don ƙwaƙwalwar da ba ta ji daga sensa ba ba za ta saki wuta ba. Ya sake, ya sake. Da ya kai hannu kan solonoyid ɗin sai ya ji shi kamar garwashi. Ya fizge wayar da sauri, ya tsaya yana tsotsar yatsa yana waige-waige, kamar akwai mai cewa me ya hana ka jira. Babu kowa sai wata akuya a ɗaure. Kunya ta kama shi, irin kunyar da ta fi ciwo don ba mai ganinta.

Laraba kuwa ya yi duk aikin da ba a sa shi ba. Ya wanke fulogi, ya goge kan batir, ya gyara fitilar baya da ta shekara ba ta kamawa. Ƙunshin dai yana nan yadda yake. Da azahar Alu ya zo da wani ɗan gwangwan mai ƙaton ciki, wanda bai ko gaishe da motar da ido ba, sai ƙwanƙwasa ƙofofinta da yake yi da bayan yatsu yana sauraren kaurin ƙarfe.

"Malam Ishiyaku, ya ake ciki?" in ji Alu.

"Ana kai."

"Kwana uku ana kai? In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Zamani ne."

Da suka tafi Ishiyaku ya shiga motar ya zauna a kujerarsa ta da, ta gefen direba. Har yanzu akwai ƙanshin goro da baƙin mai a ciki. Ya yi tunanin wanda zai kira ya karanta masa launukan. Kowane yaro a layin nan zai iya, amma kafin magariba labari ya kai tasha. Ya lissafa mutanen da zai iya buɗe wa cikinsa a duk faɗin Rano, ya ga ashe mutum ɗaya ne, shi ɗin ma ya yi shekara biyu yana amsa masa sallama a taƙaice. Kewar Ɗantala ta taso masa, ya zauna a nan har aka kira la'asar.

Ranar Alhamis da safe mata suka cika gidan, Hansatu ta yi wanka ta fita takaba. Ishiyaku ya jira har suka ragu, sannan ya yi sallama a zaure ya ce yana son magana da ita. Ta fito cikin mayafi, ta rame, ta tsaya daga nesa kaɗan.

"Maman Lubabatu," ya ce, idonsa a ƙasa, "zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ni ba na gane ja da kore. Shekarun nan duka mai gidanki ne idona. Ina so ki tsaya a nan, in na buɗe wayoyin ki riƙa gaya mini launinsu. In kin ga dama daga baya ki faɗa wa duniya, amma motar nan kada a yanka ta."

Hansatu ta ce, "Ikon Allah. Malam Ishiyaku, shi ya sa ke nan."

"Shi ya sa me?"

"Kwanakinsa na ƙarshe, da ƙafa ta daina ɗaukarsa, kullum da hantsi sai ya ce in fito masa da kujera nan gaban motar, in kawo masa zaren buhu. Hannunsa na rawa, ya yi ta fama da zaren nan, ƙulli ɗaya sai ya ɗauke shi rabin sa'a. In ya gaji ya naɗe da leda ya ce a mai da shi ɗaki. Ni wallahi na zaci ciwon ne ya taɓa masa kai."

Ishiyaku ya ɗauki reza. Sai da ya yi yanka uku kafin robar ta saki. Ledar ta buɗe. Ga wayoyi goma, biyar ta nan biyar ta can, dukkansu launi kusan ɗaya a idonsa, ga kuma zare fari yana reto a jikinsu. Ƙulli ɗaya da ƙulli ɗaya. Biyu da biyu. Uku da uku. Na huɗun sun yi sako-sako, da ƙyar suka riƙe wayar. Biyun ƙarshe babu komai a jikinsu.

Duk Rano ba mai karanta wannan rubutun sai mutum ɗaya. Ɗantala bai shirya wayoyin nan don wani ɗan birni ba.

"Na ce masa," Hansatu ta ci gaba, "tunda aikin Malam Ishiyaku ne, ka aika a kira shi mana, ku daina wannan abin. Ya ce zai aika, amma sai ya gama ƙullin, kada ka zo ka tarar bai shirya maka ba. Saura ɗaya ya ce mini. Washegari bai iya fitowa ba."

Ishiyaku ya dafa motar da hannu biyu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, na biyar ɗin ba ya buƙatar ƙulli. In an haɗa huɗu, wadda ta rage ai ta san abokiyarta. Ɗantala ya san haka sarai, bakanike ne. Ko dai ciwo ne ya rufe masa lissafi, ko kuwa shi ma gobe yake ta cewa, kamar yadda wani yake ta cewa a tsallaken titi. Ya yi kuka a nan gaban matar abokinsa, da rana tsaka, bai ɓoye ba.

Da ya natsu ya share fuska da hular kansa ya kama aiki. Ya cire kan batir tukuna, abin da a da yake ganin ɓata lokaci ne. Ya feƙe bakin kowace waya, ya murɗa ta da abokiyarta, ya narka dalma a kai, ya naɗe da baƙin salatif. Bai cire zaren ko ɗaya ba. Ya mai da soket ɗin solonoyid yana addu'ar Allah ya sa wautarsa ta Talata ba ta kashe shi ba. Da ya zo kan ta biyar ya roƙi Hansatu ragowar zaren, ta shiga ta ɗauko a inda marigayin ya bari. Ya yi ƙulli biyar a wannan gefe, biyar a wancan, sannan ya haɗa.

Ya mai da kan batir, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya juya sau biyu, ya yi tari, ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, kaji suka watse, mata suka fito suna salati. Bayan ɗan lokaci hayaƙin ya washe, motar ta zauna a silo tana kaɗawa a hankali ba gargada. Da Alu ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce to madalla, ya ciro wayarsa ya gaya wa mai ƙaton ciki kada ya wahalar da kansa.

Jumma'a bayan an sauko daga masallaci suka kama hanya. Ishiyaku ne a sitiyari, wurin da bai saba zama ba. Hansatu da Lubabatu suna baya, aka ɗora ƙullin kayan Hansatu a kujerar gaba don but ya cika. Gero ya yi tsayi a gonaki dama da hagu, duwatsun Rano suna ja da baya a madubi. Yana ta lallaɓa motar, don bai san ko solonoyid ɗin ya tsira ba, kuma ba a sanin haka sai an taka. Da suka sami miƙaƙƙiyar hanya kafin Kibiya, ya ce bisimilla a ransa ya danna totur. Motar ta ja kamar yadda ta saba, ta ja, sai can muryar injin ta sauya, ta buɗe, tsohuwar nan ta zabura kamar an cire mata kaya daga ka.

"Ka ji ta?" Ishiyaku ya faɗa da ƙarfi, yana dariya, ya juya gefensa.

Ƙullin kaya ne a wurin. Ya mai da idonsa kan titi, ya sassauta ƙafa, suka ƙarasa Nariya a hankali.

A can ya miƙa wa mijin Lubabatu makulli, ya ce masa ya riƙa canza baƙin mai a kan lokaci, kuma duk wanda zai taɓa wayoyin nan kada ya bari a cire zaren. Mutumin ya tambayi amfanin zaren. Ishiyaku ya ce na mai motar ne.

Ɗan acaɓa ya dawo da shi Rano da yamma. Washegari da safe masu wucewa suka ga gindin darbejiya wayam. Ya tsallaka da akwatinsa da rediyonsa zuwa tsohuwar rumfar kwano, ya share ta, ya kakkaɓe bencin. Da aka kawo tuwon rana ya zauna a gefen da ya saba zama, ya ajiye kwanon a tsakiyar benci, ya ci daga ɓangarensa.